Jan Ƙyalle a Ƙetaren Rafi

Ina kankare doya a gindin murhu surukata Toumara ta shigo, ta jefo mini wani jan ƙyalle a cinya.

"Ke 'yar ƙetare, kin san wannan?"

Na ce, "A'a, Mama." Ban ɗago kai ba.

"To yayanki ya sani. A jikin itatuwanmu aka kwanto shi."

A makon nan ne masu auna daji suka iso tsibirinmu daga birni. Suna gwada kaurin itatuwa, suna ƙirga tsuntsaye, wai za su zana taswira. Yayana Kalsei suka ɗauka ya nuna musu hanya, kuma duk itacen da suka gwada sai su ɗaura masa ƙyalle don kada su maimaita. Amma a wurinmu mutum ba ya ɗaura wa itace komai sai in nasa ne. Ga shi Kalsei ya tsallake rafi da su, har cikin dajin dangin mijina.

Na leƙa waje na ga mijina Tavake yana wasa adda, ƙannensa sun kewaye shi. Babu mai dubana.

Toumara ta ce, "Aladu muka bayar muka auro ki, ba daji ba. In sauran ƙyallayen suka kwana a jikin itatuwan, ki kwashe tabarminki ki bi yayanki."

Ni ko a coci ba na iya ɗaga murya. Amma na wanke hannu, na bi ta cikin gonar gwaza na gangara rafi.

Na sami Kalsei da masu auna dajin suna hutawa a ƙarƙashin wani babban itace. Shugabarsu, wata doguwar mata mai hular ganye, ta yi mini murmushi. Kalsei bai yi ba.

"Leitau, me ya fito da ke? An kore ki ne?"

"Yaya, kun wuce iyaka."

"Iyakar wa? Kafin babbar guguwa rafin nan ta can yake bi. Ruwa ya kauce, sai su ce daji ya zama nasu? Ɓarayin banza."

Matar ta ce, "Baiwar Allah, alama ce kawai ta aiki. Mu ba ruwanmu da mallaka."

Na tambaye ta a hankali, "Da sunan wa kuka sa wurin nan?"

Ta dubi Kalsei. "Ya ce na gidansu ne."

A nan na gane ba ɓata ya yi ba. Can sama kuma na fara jin muryar Tavake da ƙannensa suna saran ciyawa suna gangarowa.

Na kama ƙullin ƙyalle na farko na kwance. Na matsa zuwa na gaba.

"Ke! Nonon uwa ɗaya muka sha!"

"Yaya, da adduna suke tafe."

"Su zo mana! Ashe sun saye ki har da bakinki."

Na ce wa matar, "Dajin gidan mijina ne. Haka na taso na gani."

Ta miƙe ta ce wa mutanenta su tattara kaya, ba za su auna wurin da ake rigima a kansa ba. Lokacin da su Tavake suka iso, ƙyallayen suna hannuna. Babban ƙanin mijina ya kafa ganye biyu na itacen da muke kira namele a gicciye, wanda in an kafa shi babu mai ƙara taɓa wuri sai dattawa sun zauna. Adduna suka sauka.

Kalsei ya tsallaka rafi, ya juyo ya tofar da yawu.

"Ranar da suka gaji da ke, kada ki nufo ƙofarmu."

Tavake bai ce mini sannu ba, ya dai bar ni na bi bayansa zuwa gida. Da aka yi bikin sabuwar doya a gidan iyayena, an aiko wa kowa, ban da ni.