Baƙin Ruwan Wankan Jego

Hajiya Sauda ta ga sakarkaru a rayuwarta, amma ba ta taɓa ganin irin surukinta Nafiou ba. Mutum yana zaune a Dubai, garin da rana ke dafa ƙwai a kan mota, ya tashi ya yo odar injin ɗumama ɗaki tun daga Faransa! Wai can ya yi karatu, can ya saba. Aka ɗauro abin a kwantena tare da kayan shagonsa na unguwar Port Saeed, aka kafa tukunyar injin a bangon kicin, aka bi ɗaki-ɗaki aka liƙa wasu fararen ƙarafa masu kama da haƙarƙarin saniya, ruwan zafi na zagayawa a cikinsu. Shi yana kiran tukunyar shodiyar, yana wani lanƙwasa harshe. Ita tukunyar bango take ce mata, in ma ta ga dama ta ambace ta.

Abin da ya kawo Hajiya garin kuwa, autarta Hannatou ce ta yi haihuwar fari. Ko yaro ya san haihuwar fari a gida ake wankanta. Da ikon Hajiya ne, da tun ciki na wata bakwai an ɗauko yarinyar zuwa Damagaram, inda akwai itace, akwai tukunyar ƙarfe mai cin garwa uku, akwai tsofaffin da suka san hannu. Amma Nafiou ya yi ta aike, ya yi ta magiya, har ya haɗa ta da yayanta. Ranar da ta sauka ya durƙusa nesa da ita, ido a ƙasa, ya ce gidansa ba sanyi, ruwan zafi kuma dare da rana.

"To, na ji," in ji ta. "Amma ranar da sanyi ya shigo gidan nan, ni da 'yata da jinjira sai Damagaram. Kuma ba arba'in za ta yi ba, sai yarinya ta yi tafiya da ƙafarta."

Ya ce ya yarda. Ranar suna ma ya sa wa jaririyar sunan Hajiya, ana kiranta Ummi. Hajiya ta ɗauki wannan a matsayin toshiyar baki, kuma ba ta ga alamar bakinta zai toshe ba.

Tun wankan farko ta gane cika bakin banza ne. Ruwan famfon da yake tutiya da shi, mai lafiya ma in ya yi wanka da shi sai ya nemi mayafi. Wai an daidaita shi ne don kada ya ƙona mutum. To ruwan da ba ya ƙuna, me zai yi wa mai jego? Ta koma kicin, ta tarar da murhun gilashi mai ido huɗu, kowane ido bai fi faifai ba. Kafin tukunya ta uku ta tafasa, ta farko ta huce. Buhun ganyen darbejiya da runhu da ta ɗauko tun daga gida ya kusa zama kayan kallo.

Allah ba ya hana mai nema. Wata safiya tana sharar lungun banɗaki, sai ta ga wani ɗan famfo mai jan hannu a gindin haƙarƙarin da ke wurin. Ta murɗa. Ruwa ya feso, tururi na tashi, ta kai yatsa ta janye da sauri. Ga ruwan kirki an ɓoye, an bar mata na wasan yara! Baƙi ne dai, yana ɗan ƙarnin ƙarfe, amma ruwan ganye ma ai ba fari ba ne. Daga ranar, asuba da la'asar sai ta tara bokiti ta tsiyayi abin da ya samu, ta haɗa da nata na ganye, ta zaunar da Hannatou ta yi ta fyaɗa mata har sai ta yi kuka. Ba ta gaya wa kowa ba. Wa za ta gaya wa? Shi da bai san gidansa ba?

Ana nan sai ƙuraje suka feso wa Hannatou a wuya da gadon baya, ƙanana jajaye, masu ƙaiƙayi. Hajiya ta ce ai dole, mutanen da ke tace ruwan teku su sha, me za a gani a jikinsu? Ta ƙara wannan a cikin laifuffukan Nafiou, waɗanda dama sun fi a ƙirga.

Sai ga ranar da take jira ta zo. Sanyin Janairu ya sauko, irin wanda 'yan garin ke sa rigar ulu suna ɗaukar hoto. Hajiya ta tashi ta ji tayil kamar ƙanƙara a tafin ƙafarta. Ta dafa haƙarƙarin ɗakinta, sanyi ƙalau. Na falo ma haka. Tukunyar bango kuwa sai ƙugi take kamar cikin mai gudawa, wata jar fitila na ƙiftawa. Daɗi ya kama Hajiya, ba ta ɓoye wa kanta ba.

Ta sami kujera a ƙofar kicin ta zauna kallo. Nafiou ya fito da rigar barci, ya kashe ya kunna. Ya sake kashewa ya kunna. Ya ɗauko waya yana kallon wani Bature yana bayani da Faransanci, ya danna nan, ya murɗa can, ya kara kunne a jikin tukunyar kamar boka. Gumi ya karyo masa duk da sanyin.

"Hajiya, a yi haƙuri, ƙaramin abu ne. Presiyon ce, wato ƙarfin ruwan, ta sauka. Yanzu-yanzu, in sha Allahu."

"A'a, yi a hankali, ba sauri muke ba," in ji ta. "Biye dai nake so a yanka mana, tikitin jirgin komawa gida, kafin Juma'a."

Hannatou na ɗaki tana ji, ba ta ce uffan ba. Hajiya ta ɗauki shirun a matsayin yarda.

Da hantsi ya ɗaga, karatun Faransa ya ƙare, aka kira mai gyara. Wani Clement ne, mutumin Zonkwa, ya taso tun daga unguwar leburori ta Sonafur da jakar kayan aiki a kafaɗa. Ya rusuna ya gaida Hajiya, ya yi barka, sannan ya tsaya gaban tukunyar yana dariya.

"Oga, boila a Dubai? Tun da na bar Jos ban sake ganin irinta ba." Ya ƙwanƙwasa wani ɗan agogo mai allura. "Ka ga fresha ta kwanta ƙasa. Ruwan cikin nan ba ya zuwa ko'ina, zagayawa kawai yake. In ya ragu, to wani wuri yake fita. Yaushe rabonka da ƙara mata ruwa?"

Nafiou ya saci kallon ƙofa, ya yi ƙasa da murya. Amma kunnen Hajiya ba ya tsufa.

"Kullum da safe nake ƙarawa kafin in tafi shago. In na dawo ta sake sauka, in sake ƙarawa. Na zaci yoyo ne a cikin bango."

"Haba oga! Kullum? Ka yi shiru? Ai iska ce ta cika layin, har famfon turawa ya shaƙe."

Hajiya ta yi tsaki mai tsawo, don a ji. Ashe ya san kayansa ruɓaɓɓe ne, yana ta rufa-rufa don kada a tafi da matarsa. Wannan ko a gaban yayanta ta samu abin faɗa.

Clement ya bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, yana shafa gindin kowane ƙarfe da tafin hannu, yana leƙa bango ko zai ga danshi. Ba komai. Nafiou na biye da shi, Hajiya na biye da Nafiou, don ba ta so a gano ɓarnar ba ta wurin. Da suka iso lungun banɗaki sai Clement ya tsuguna, ya daɗe bai tashi ba. A kan farin tayil akwai zagayen gindin bokiti, baƙi, ya kama wurin. Ya sa yatsa a bayan ɗan jan famfon ya zaro wani abu. Ganyen darbejiya ne, ya bushe.

"Wa ke buɗe wannan?" Dariyar ta bar fuskarsa. "Wannan na zubar da ruwa ne in za a yi gyara. Ba ruwan taɓa jiki ba ne, oga. Akwai maganin da ake zubawa don kada ƙarfe ya yi tsatsa, ga dattin ƙarfen kansa. Ni da safar hannu nake taɓa shi."

Hannatou ta fito tun ɗazu, tana tsaye a ƙofar ɗakinta da Ummi a kafaɗa. Hannunta ɗaya yana wuyanta tana susa. Sai hannun ya tsaya.

Hajiya ta buɗe baki, ba ta san me zai fito ba, sai Nafiou ya riga ta.

"Ni ne," ya ce, idonsa a kan tayil. "Ina ɗiba in wanke tayar mota. Ban sani ba."

Clement ya dubi Nafiou, ya dubi ganyen da ke hannunsa, ya dubi silin. Ya tura ganyen a aljihu.

"To oga, a daina wanke mota da shi. Kalas, shi ke nan."

Ko ƙarya bai iya ba, in ji Hajiya a ranta. Mutumin da ke hawa na shida, motarsa na can ƙarƙashin ƙasa, yaran Bangaladash ke wanke masa ita. Ta nemi rainin nan da ta saba ji, wanda ke zuwa mata da sauƙi kamar numfashi, ta ji ya zo amma ba ƙarfi. Kunya ce ta danne shi, kuma ta tsani wanda ya jawo mata ita.

Clement ya kwance jan hannun famfon ya jefa a jakarsa. Ya cika tukunyar, ya bi ƙarafan da ɗan makulli yana sakin iska, kowanne ya yi huci sannan ya tofo ruwa. Kafin azahar gidan ya ɗau ɗumi. Da zai fita ya ce wa Nafiou, a hankali, a kai madam asibiti a duba fatar nan. Suka tafi su biyu da jinjirar, ba wanda ya ce Hajiya ta zo.

Ta yini ita kaɗai tana shirya abin da za ta faɗa. Ai dai sanyi ya shigo gidan, ko ba haka aka yi alkawari ba? Kuma wa ya kafa famfo a inda hannu zai kai, bai faɗa wa mutane ba? Da la'asar ta jera tukwane huɗu a kan murhun gilashin, ta tsaya a kansu har suka tafasa, ta juye a bokiti, ta ɗaura sabon damin ganye. Da ta ji sun dawo, ta ɗauka ta kai banɗaki, ta ƙwala kira kamar kullum.

Hannatou ta zo, wuyanta shafe da farin magani. Ta tsaya ta dubi bokitin. Ba ta tambayi inda ruwan ya fito ba, leƙawa ta yi ta ga kalarsa, kuma wannan ya fi tambaya ciwo.

"Zauna mana, zai huce," in ji Hajiya. "In mun je gida ma a huta da wannan wahala, can akwai..."

"Ba inda za ni, Inna."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙa hannu ta zare damin ganyen daga hannun uwarta, a hankali, kamar yadda ake karɓe wuƙa a hannun yaro.

"Je ki huta. Zan yi da kaina."

Ta tura ƙofa, Hajiya ta ji ƙarar sakata. Ta tsaya a lungun, hannunta na ɗigar ruwa, ƙarfen da ke gefenta yana ta fitar da ɗumi. Daga falo Nafiou ya taso da Ummi a hannu, ya durƙusa nesa da ita kamar yadda ya saba, ido a ƙasa, ya ce ko Hajiya za ta riƙe takwararta kafin uwar ta fito.