Ranar da Wara Ta Ga Teku

Wara Condori ta zo garinmu a jihar Maine ƙarshen watan Agusta, karatun aikin jinya. 'Yar El Alto ce, can saman duwatsun Bolibiya, ƙasar da ba ta da bakin teku ko taku ɗaya. Sati uku ta yi ba ta san ko'ina ba sai ɗakinta da aji da ɗakin cin abinci. Abokiyar ɗakinta 'yar nan kusa ce, duk Juma'a take tafiya gida, ta bar ta da ƙarar firiji.

Ofishin ɗaliban ƙasashen waje yakan shirya yawon buɗe ido ranar Asabar. Wara ta ga takardar a allon sanarwa: gonar tuffa da safe, bakin teku da rana. Ta rubuta sunanta a ƙasa, ita ce ta talatin da huɗu.

Kendra, ma'aikaciyar ofishin, tana bakin ƙofar bas riƙe da takardar, tana yi wa kowa murmushi iri ɗaya. A ciki kowa ya riga ya sami nasa. Indiyawa a baya sun kunna waƙa a waya, 'yan Koriya a tsakiya suna rabon alewa. Wara ta jiyo Sifaniyanci, harshen ƙasarsu, a kujera ta uku, ta gaishe su da murna. 'Yan mata biyu ne daga Madrid. Suka tambaye ta daga ina, suka ce lallai ta sha hanya, suka ci gaba da hirarsu. Ta zauna bayan direba ita kaɗai.

A gonar tuffa aka miƙa wa kowa jaka aka ce ya shiga ya tsinka. Abin ya ɗaure mata kai. Ga mutane da manyan motoci sun kwaso 'ya'yansu, sun zo aikin gona don nishaɗi, har da ɗaukar hoto a kan tsani. Ta tuna kakarta da haƙar dankali ta tanƙware wa baya. Dariya ta taso mata, ta juya za ta faɗa wa wani, sai ta ga babu wanda za ta faɗa wa. Cikin minti goma ta cika jakarta, ta koma ta tsaya gindin bas.

Wajen ƙarfe ɗaya suka isa ƙauyen masunta. Hazo ya rufe ko'ina, hasumiyar fitilar jiragen ruwa ma rabinta kawai ake gani. Kendra ta ba da haƙuri kamar ita ta kawo hazon, ta ce a dawo mota ƙarfe uku. Wara tana jin tekun, tana shaƙar warinsa, amma idonta bai kai gare shi ba. Iskar wurin ta yi mata nauyi a ƙirji, ita da ta saba da busasshiyar iskar tudu.

Ƙungiya uku suka miƙa mata waya ta ɗauke su hoto. Ta ɗauka, suka yi godiya, suka wuce. Babu wanda ya ce kawo taki.

Sai ta sauka kan duwatsu a hankali har ta kai inda ruwan yake taɓawa. Ta tsuguna, ta tsoma hannu, ta kai baki. Gishirin ya fi yadda ta zata. Tana nan tsugune igiyar ruwa ta taso ta jiƙa ta har gwiwa, sanyin ya ratsa ta kamar an soka mata allura.

Tana rawar sanyi ta shiga wata 'yar rumfar abinci a bayan tarin tarkon masunta. Mai rumfar tsohuwa ce, Lorraine Thibodeau, ta ɗago kai ta dubi takalmanta.

“Ke 'yar nan, wanka kika shiga da takalmi?”

“Ruwan ne ya biyo ni, Mama.”

“Haka yake yi wa baƙi, ba shi da kunya. Matso kusa da murhu kafin yatsunki su zube.”

Ta ba ta safar ulu da kwanon miyar kifi da madara, mai zafi. Ta tambaye ta garinsu, Wara ta faɗa, tsohuwar ta ce ba ta taɓa jin sa ba, amma ta ci gaba da tambaya: me ake ci, akwai ƙanƙara, uwarta na da rai. Rabon Wara da doguwar magana irin wannan tun filin jirgi. Ba ta duba agogo ba sai da ɗumin ya gama ratsa ta. Uku da minti ashirin.

Ta fita a guje da safa. Inda bas ta tsaya babu komai sai tsuntsayen teku biyu.

Ta koma rumfar. Lorraine ce ta kira lambar da ke jikin takardar tafiyar da aka raba musu. Wara tana jiyo muryar Kendra ta cikin wayar, tana ta rantsuwa ta ƙirga kawuna, wataƙila ta ƙirga wani sau biyu. Tsohuwar ta ce kada su juyo, da ma za ta shiga gari ƙarfe biyar wajen ƙanwarta, za ta kawo ta.

Da ta ajiye wayar, Wara ta tambaye ta wa ya fara lura ba ta cikin motar.

Lorraine ta goge hannu da tsumma. “Babu, 'yata. Ni na gaya musu.”

Wara ta koma waje ta zauna a kan wani benci. Wajen ƙarfe huɗu iska ta sauya, hazon ya fara janyewa. Da farko jiragen masunta suka bayyana, sai wani tsibiri mai itatuwa, sannan ruwan gaba ɗaya, toka-toka, shimfiɗe har inda ido ya gaji. Ta miƙe tsaye ba ta sani ba. Ta waiwaya ko tsohuwar na kallo, ta gan ta tana wanke tukunya, bayanta a taga. Wara ta ɗaga waya ta ɗauki kanta hoto. Hoton ya fito da rabin fuskarta da ruwa mai yawa.

A hanya Lorraine ta yi ta ba ta labarin jirgin marigayi mijinta, har suka iso ƙofar ɗakin kwanan ɗalibai. Ta ce ta dawo da bazara, lokacin da ruwan yake yin shuɗi. Wara ta ce to, duk da ta san babu motar haya da ke zuwa ƙauyen.

Washegari da safe ta tura hoton gida, sannan ta kira. Mahaifiyarta ta daɗe tana kallon hoton, ta kira maƙwabciya ta nuna mata, sannan ta dawo kan wayar ta tambaya da wa da wa aka je.

“Mu da yawa ne, Mama,” in ji Wara. “Mota guda cike.”