Gaisuwar Malam Shitu a Cikin Sikeli

A shekarar 1987 wata ma'aikatar gurzar auduga a Funtuwa ta ɗauki Aƙilu aikin injiniya. Ya iso da takardu fal jaka, yana jin kansa. Sikelin lantarkin da ke auna motocin auduga yana da allunan lantarki huɗu a cikinsa, kuma ba ya tashi sai Malam Shitu, tsohon mai awo, ya kunna su ɗaya bayan ɗaya.

Aƙilu ya ce wa manaja, Mista Ayinde, wannan ƙauyanci ne. Zai sake rubuta umarnin na'urar, da an ba ta wuta ta tambayi kowane allo ko shi wane ne, ta ɗora masa aikinsa da kanta. Ayinde ya ba shi zuwa ranar fara sayen auduga, in ya kasa a kira wani daga Kaduna ya maye gurbinsa.

Mako uku yana fama. Na'ura ta gane alluna uku, na huɗun kuwa, mai karanta nauyi, ko tari bai yi ba. Ya canza waya, ya zagi Turawan da suka ƙera ta, ya dawo zagin kansa, wanda dama shi ya fi dacewa. Ana jibi buɗewa ya haɗiye girman kai.

"Baba Shitu, don Allah kai yaya kake yi?"

"Ba komai, Injiniya. In na danna na uku sai in leƙa in gaida Inno mai ƙosai, in tambayi ƙafarta da jikoki, in dawo in danna na huɗu."

"Shi ke nan?"

"To, a wuce mutum ba gaisuwa?"

Sai ga injiniya guda tsaye da agogo yana auna gaisuwa. Minti biyu da rabi. Ashe allo na huɗun sai ya yi ɗumi kafin ya amsa, sarkin gaggawa kuwa yana tambayarsa tun bai farka ba. Ya rubuta wa na'urar jiran minti biyu da rabi, ta tashi tsaf.

Ranar buɗewa motocin Kafur da Dandume suka yi ta hawa sikelin suna sauka, Ayinde na yabon Aƙilu a gaban jama'a. Yana cikin washe baki Malam Shitu ya matso ya miƙa masa makullin ɗakin awo.

"Manaja ya ce ba sai na zo gobe ba. Allah ya ƙara basira, Injiniya."

Aƙilu ya riƙe makullin, kunya ta hana shi cewa amin.