Amshin Isha'aku

Maman Lawali ya diro daga bas tun ba ta gama tsayawa ba, rungume da wani tsohon buhun shinkafa, ya kutsa cikin mutanen da ke zube a ƙarƙashin gada. Nan waɗanda Jidda ta ishe su suke zuwa su shimfiɗa kwali, su jira motocin jawazat, 'yan sandan shige da fice, su kwashe su a mayar da kowa ƙasarsa. Wani ya yi mako yana jira, wani wata. Barakatu mai abinci, wadda ke kawo tuwon sayarwa wurin, ita ta tare shi da safe a lungunsu na Nuzla ta ce ta ga Isha'aku, ɗan amshinsa, a can da jakarsa.

Ya gaya wa kansa dawo da shi zai yi, ko da ja ne. Amma da zai fito sai da ya cusa rakoda a buhu, ya tsaya a kanti ya sayi sabon kaset da batura. Zuciyarsa ta riga bakinsa sanin yadda za a ƙare.

A shekarar farin nan ta tamanin da huɗu wani attajirin Maraɗi ya biya masa Hajji, shi da 'yan amshinsa. A lokacin babu ƙauyen da ba a san gurmin Maman Lawali ba. Shi ke wasa manoma a wurin gayya, shi ke waƙar shuka da ta girbi da ta masu tafiya cirani, kuma dukkansu da bakinsa yake ƙirƙirarsu. Da aka sauko daga Arfa labari ya zo cewa ko ɗigo ba a yi a gida ba, sai suka ce bari su yi shekara guda kafin ƙasa ta farfaɗo. Shekarar nan ce har yau ba ta ƙare ba. Cikin 'yan amshin, Kawu ya rasu, an kama Jabiru a wani samame, Othman ya tsayar da gemu ya ce ya tuba da kiɗa. Saura Isha'aku, mai dakon buhu a wani sito a Khumra, wanda kowace Juma'a yake zuwa ɗakin maigidansa Maman Lawali bayan la'asar su yi abin da suka iya. Da can ɗakin cika yake yi da leburori. Daga baya sai su biyu da fanka.

Irin waƙarsa ba ta tsayuwa da baki ɗaya. Shi zai jefa baiti, ɗan amshi ya cafe, kafin nan ya numfasa ya nemo na gaba. Ya taɓa gwadawa shi kaɗai, lokacin da zazzaɓi ya kwantar da Isha'aku, bai kai ko'ina ba ya rataye gurmin.

Ya sami Isha'aku jingine da ginshiƙin gadar, ya miƙe ƙafa.

"Maigida," in ji Isha'aku. Ya yunƙura zai tashi, ciwon baya ya hana shi.

"Zamna abinka. Haka aka yi, Isha'aku? Sai ga bakin mai tuwo za ni ji ka tahi?"

"In na hwaɗa maka hana ni za ka yi. Kuma in ka hana ni, ba ni iya ƙi."

Maman Lawali ya tsuguna a gefen kwalin. "Tashi mu koma. In bayan ne, akwai wani ɗan Pakistan mai gasa baya a Ruwais, shi ya miƙar da mutane da yawa."

"Halas, ta ƙare, maigida, buhu ya gama da ni. Mai sito ya ce ba shi buƙatar wanda ba ya duƙawa. Ga ɗiyata Rakia kullum tana aike, wai jikokina ba su san kamata ba." Ya ɗan matsa gefe. "Kai ma ka zo mana. Kwalin ga ya ishe mu mu biyu."

"In koma in yi wa wa? Waɗanda na wasa duk sun kwanta dama. 'Ya'yansu fiyano suke ji cikin waya."

Ba duka gaskiyar ke nan ba. Tsoro yake ji. A nan, ko yana wankin mota a bakin titi, akwai tsofaffin da ke nuna shi su ce wancan ne Maman Lawali mai gurmi. A can kuwa yana gudun ya sauka a tasha yara su tambaye shi gidan wa yake nema.

Isha'aku ya dubi buhun. "Mi ke ciki?"

Kunya ta kama shi kamar an kama shi da kayan sata. Ya fito da rakodar. "Na ce ko mu ɗauki guda, ta bankwana."

"Ka ɗauki muryarka ka yi mi da ita? Kana tare da abinka. Tawa ce za ka rasa." Isha'aku ya karɓi rakodar ya ɗora a cinya. "Kai yi naka cikin zuci, ni in amsa. Kowace Juma'a sai ka kunna."

Haka kuwa aka yi. Maman Lawali ya gyara zama, yatsunsa suna kaɗa gurmin da babu shi, leɓɓansa suna motsi ba sauti. Isha'aku ya ƙura wa bakin ido, da ya ga ya rufe sai ya sunkuya kan rakodar ya ɗaga murya:

"Rana ta take, na gona bai tashi ba."

Sai shiru, sai rugugin motoci a saman gadar, sai kuma amshin. Wasu Yamalawa da ke kusa suka yi ta dariya, a zatonsu zafi ne ya taɓa tsofaffin. Wata mata 'yar Chadi ta dakata da yi wa ɗanta fifita tana kallo. Su dai ba su kula kowa ba. Suka gama wannan suka shiga ta shuka, suka juya kaset suka shiga ta cirani. A nan muryar Isha'aku ta ɗan karye, ya yi gyaran murya ya ci gaba.

Ba su kai ƙarshenta ba wurin ya yamutse. Motoci sun iso, ana ta "yalla, yalla," kowa yana wawurar ƙunshinsa. Isha'aku ya danna rakodar a ƙirjin maigidansa.

"Tahi, maigida, kada su haɗa da kai. Ka yahe mini."

Maman Lawali ya tsaya da buhu a hannu, mutane suna bangazarsa ta ko'ina. Da ya ƙara jinkiri kaɗan da turereniyar ma ta kai shi bakin mota ba tare da ya yanke shawarar komai ba. Ya juya ya tsallaka titi. Daga can ya hango Isha'aku yana hawa, hannu ɗaya dafe da ƙugu, wani yana turo shi ta baya. Tagogin duk raga ce, bai ga inda ya zauna ba. Sai a bas ya tuna ko amsa neman gafarar bai yi ba.

Ranar Juma'a ce, don haka da ya idar da la'asar ya sauko da gurmi, ya ɗaure tsirkiya, ya kunna rakodar ya aje a gefen dama. Ƙarar motoci ta cika ɗakin. Ya jefa baitin farko, Isha'aku ya cafe daidai. Ya jefa na biyu, ya cafe. Jikinsa ya ɗau zafi, kewa ta taso masa, sai ga sabon baiti ya faɗo masa a baki, abin da ya yi shekaru bai gani ba. Na Isha'aku ne. Ya wasa manoma, ya wasa 'yan kokawa da masu raƙuma, bai taɓa sa mutumin da ke zaune a damansa a waƙa ba. Ya ja baitin, ya kira ƙauyen su Isha'aku, ya kira mahaifiyarsa, yana gab da kiran sunan sai amshi ya faɗo a kansa.

Ya waiga zai harare shi. Rakoda ce a kan tabarma, kaset yana juyawa.

Ya mayar da shi baya, ya sake gwadawa da sauri, yana haɗiye rabin kalmomin. Amshin ya sake tare shi a wuri guda. Gurbin da Isha'aku ya bari daidai tsohon baiti ne, ba ya ɗaukar ƙari.

Ya daɗe zaune da gurmin a cinya, fanka tana kaɗawa. Sannan ya sake mayar da kaset ɗin baya, ya rera tsohon baitin yadda yake, ya rufe baki a kan lokaci.