Bangon da Na Shafe

Malama shugabar makaranta, ni ce kakar yarinyar nan ta aji biyu da aka cire sunanta daga gasar lissafi ta gobe Asabar. Ban iya rubutu ba. Telan bakin layinmu ne ke rubuta min, na kuma ce kada ya gyara ko kalma ɗaya, ko da ta yi zafi.

Sati shida yarinyar nan tana abu ɗaya. Ta kafa ƙusa a bangon tsakar gidanmu. Kullum ƙarfe uku daidai sai ta jefar da jaka, ta sa ɗigo da gawayi inda inuwar ƙusar ta tsaya, ta rubuta kwanan wata a gefe. Ko ranar da take zazzaɓi sai da ta fito da bargo.

Na ce, "Ƙawata, gadin ƙusa kika samu? Nawa ake biya?"

Ta ce, "Tsohuwa, rana nake aunawa. Ke dai ci gaba da tsintar wakenki."

Sau biyu ta zaunar da ni ta yi min bayani, wai inuwar tana matsawa kaɗan-kaɗan, wai da ɗigon nan za ta lissafa inda za ta kai wata mai zuwa. Ina gyaɗa kai, hankalina na kan tukunya.

Ranar Litinin ta shigo da tsalle. Malamin lissafi zai zo Laraba, su auna ɗigon tare, ya ɗauki hoton bango a manna a kwalin da za ta kai gasa. Ni abu biyu suka shiga kunnena: baƙo da hoto. Na dubi bangon nan. Baƙin hayaƙi, sawun ruwan sama, ga inda akuya ke goga jiki. Na ce wannan za a kafa a gaban jama'a, 'ya'yan masu gidan bene su ce nan take kwana?

Talata tana makaranta na wanke shi da burushi, na shafa farar ƙasa har sau biyu. Ƙusar kuwa na kewaye ta a hankali, ko taɓa ta ban yi ba, don na san tata ce. Na zaci ƙusar ce aikin.

Uku saura kaɗan ta dawo. Ta tsaya da gawayi a hannu. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi.

"Kaka, ina ɗigona?"

Tunda ta iya magana ba ta taɓa ce min Kaka ba sai ranar.

"Ba kin kwashe su a littafi ba?"

"Gobe ne za mu kwashe."

Laraba malamin ya zo. Ya dubi farin bango, ya dubi ƙusa, ya ce, "To, ina aikin?" Yarinya ta juyo ta dube ni. Ina tsaye da kofin ruwa a faranti. Ni da duk layinmu ke tsoron bakina, Malama, ranar bakin ya ƙi buɗuwa. Kunya ta kama ni in ce wa yaron da na haifi kamarsa ban san me na goge ba. Ita ma ba ta tona ni ba. Ya yi 'yar dariya, ya mayar da wayarsa aljihu, ya fita ko ruwan bai sha ba.

Wannan nawa ne, na ɗauka. Yanzu ga naku.

Alhamis malamin ya tsaya a gaban aji ya ce akwai wadda ta buga ƙusa a bango ta yi sati shida tana masa ƙarya. Ya kira sunanta. Ya ba wata wurinta. Ba ita ta faɗa min ba, 'yar maƙwabciyarmu ce, wai yanzu in ta wuce sai a ce, "Ga mai ƙusa."

Da yammacin ranar na ɗauki wuƙa na bi bangon ina kankara. Gawayin ya tafi da ruwa. Amma ranakun da aka yi ruwan sama da tsinin cokali ta karce, na samu guda goma sha ɗaya, a jere, suna gangarowa kamar sawun tururuwa.

Yau da safe na je makarantarku. Ba kya nan. Na same shi a babban ɗakin taro ana jera tebura, yara na manna kwalaye, yana tsaye da takarda yana nuna wa kowa wurinsa. Na faɗa masa komai, da ƙarfi, don na gaji da shiru.

Ya ce, "Iya, ki yi haƙuri, an riga an aika sunaye."

"Ban tambaye ka sunaye ba. Zo ka ga bango."

"Iya, kin ga aikin da ke gabana. In haka ne, ki ce mata na janye."

"A gaban yara arba'in ka faɗa, a kunnena ni kaɗai za ka janye? Da ka ga bango fari tas yana warin sabon shafe, duk karatunka bai ce maka ka tambayi wa ya shafa ba?"

Ya ce da na yi magana ranar. Nan ya kama ni. Na fito ina bi ta tsakanin teburan. Na ga na wadda aka ba wurin, an shimfiɗa mata kwali shuɗi. Na gane shi. Jikata ce ta ja masa layuka da hannunta, ashe ta kai mata, wai kada ya lalace a banza.

Gasar ta wuce mu, na sani. Ba na roƙon tebur. Abin da nake nema, ranar Litinin ya tsaya a ajin da ya kira ta maƙaryaciya, ya ce ba ita ba ce. Ni ma zan tsaya kusa da shi in faɗi nawa, yaran su yi dariyarsu a kaina, na fi ta ƙwarin fata.

Ta roƙe ni kada in zo, wai zan ƙara ja mata. Wataƙila gaskiyarta ne, na riga na yi mata gyara ɗaya da ba ta nema ba. Shi ya sa na rubuto miki maimakon in faɗo ajin kawai. Ki kira ta ke da ita, ki tambaye ta. In ta ce in zauna a gida, zan zauna. Amma shi sai ya faɗa.