Ranar da Aka Hau da Inna Bene

Wata tela tana cikin yankan wuyan riga sai maƙwabcinsu na saman bene, direban bas, ya ƙwanƙwasa ƙofa.

"An rufe gada," in ji shi. "Kogi ya kawo har bakin kasuwa."

Ta leƙa taga. Rana ƙwal, ko yayyafi ba a yi ba. Sai dai bana zafi ya yi sammako, dusar ƙanƙarar da kan yi watanni tana narkewa a kan duwatsu ta zubo cikin 'yan kwanaki. Ga shi mahaifiyarta na kwance a ɗaki, ƙafafunta sun daina ɗaukarta.

"Inna, sama za mu hau."

"A gidan nan na haife ki, ruwa bai taɓa wuce dakali ba."

"Da kenan, Inna. Don Allah ki yarda."

Suka ɗora ta a kujera, direban a gaba, telar a baya, suka hau da ita bene. Tsohuwar na ta mita wai sun mai da ita buhun gawayi.

Da telar ta sauko ɗaukar magani, ruwa mai ɗan karen sanyi ya riga ya kai mata idon sawu, ƙyallaye na yawo a tsakiyar ɗaki. Keken ɗinkin ya fi ƙarfinta, dole ta bar shi. Ta koma sama, ta tarar hadari ya fara haɗuwa.