Dokar Kwana Biyar

A ɗakin binciken da Auta ke aiki, duk wanda ya shiga sai ya yi kwana biyar da fitowa kafin ya kusanci dabba mai kofato, don kada ya kai mata cuta. Ita kuwa kullum tana ciki, ga Innarta na kiwon awaki a tsakar gida. Haka ta shekara biyu ba ta taka gidansu ba.

Aikinta a kan ƙwayar cutar da ke sa wa dabbobi gyambo a baki da kofato ne. Akwai allurar riga-kafi, amma da ta sha zafi sai ɓawon ƙwayar da ke cikinta ya wargaje, ta zama ruwa kawai. Auta kan daskarar da ƙwayoyin, ta ɗauki hotunansu dubbai da babbar na'ura, tana neman inda ɓawon ke fara tsagewa. Abokan aikinta biyu an mayar da su wani sashe. Ita kaɗai take wankan dole a bakin ƙofar fita, ta ci abincin rana tana kallon bango.

Wata Talata da hantsi siffar ta fito sarai a kwamfuta: ga gaɓar nan mai rauni, inda za a ɗaure ɓawon ya jure zafi. Ta waiga don ta faɗa wa wani, kujeru ne kawai. Ta aika wa shugabanta saƙo, ya amsa da kalma biyu.

Ta ɗauki hutu, ta ƙirga kwana biyar a ɗakinta, ta hau mota.

Ta tarar da tsakar gida fes, turaku babu igiya. Inna ta ce tun bara ta raba awakin wa 'yan'uwa, don ta gaji da jin muryar 'yarta a waya kawai.

"Inna, me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Kada ki ce na matsa miki. To me kika gano, likitar awaki?"

Auta ta tsuguna ta zana ƙwayar a ƙasa da tsinke, tana bayani. Inna ta daɗe tana kallo, ta ce ta yi kama da ƙwallon yara. Sannan ta miƙe ta ɗora ruwa, ta tambaye ta kwana nawa za ta yi.

"Uku," in ji Auta.